Ajin motsa jiki ko koci: wanne ya fi ga mai son rage ƙiba?

Wata 'yar'uwa ce ta aiko da tambaya. Shekarunta 38, nauyinta kilo 92, tsawonta mita 1.63. An auna jininta an ce suga ya ɗan hau amma bai zama ciwo ba tukuna, kuma gwiwarta ta dama tana damunta idan tana hawa bene. Sau biyu tana horar da kanta da yunwa har ta faɗa, daga baya ƙibar ta dawo har da ƙari. Tana son ta san wanne ya fi mata, ta shiga ajin motsa jiki da ake yi cikin jama'a ko ta ɗauki koci nata ita kaɗai, sannan kilo nawa ya kamata ta sa rai zai ragu a wata.

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Idan da hali, ki fara da koci na mako huɗu zuwa shida, mace ko namiji, duk wanda kika fi sakewa da shi, ya koya miki tsugunno da ɗaga nauyi yadda gwiwar nan ba za ta sha wahala ba. Daga nan ki koma aji ki dawwama a cikinsa. Idan aljihu bai kai ga koci ba, ki shiga aji kai tsaye, amma na sababbin farawa, wanda ba a tsalle-tsalle. Sai dai akwai maganar da nake so ki ji tun yanzu, domin a kanta na ga mutane da yawa sun karaya: daga ajin har kocin, babu wanda zai sauke miki kilo 15 da gumi kaɗai. Mafi yawan raguwar nauyi daga abin da ake ci take zuwa. Motsa jiki shi ne yake tsare miki tsoka lokacin da kitse yake narkewa, yake gyara sugan jini, kuma yake hana abin da ya tafi dawowa.

Mu yi lissafin tare. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki, kuma kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Mace mai nauyinki, idan ta yi awa guda a aji tana aiki da gaske, za ta ƙona tsakanin 300 zuwa 500. Ki je sau uku a mako ba fashi, abincinki kuma bai canja ba ko kaɗan, sai kin yi mako biyar zuwa tara kafin kilo ɗaya ya tafi. To amma abincin ba ya tsayawa yadda yake. Wanda ya fito daga aji yunwa yake ji, kuma a ransa yana ganin ya cancanci tukwici. Kwalbar lemo ta rabin lita ta haura kalori 200, babban cokali ɗaya na mai kusan 120 ne. Abin da kika yi rabin awa kina haki a kansa, cikin minti biyu sai ki mayar da shi. Ga kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba: ranar da mutum ya jigata a aji, sai ya wuni a zaune, zirga-zirgar da ya saba yi ta ragu bai sani ba.

Kada ki dogara da adadin kalorin da agogon hannu yake nuna miki. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan agogai guda bakwai. Wajen ƙirga bugun zuciya yawancinsu sun yi kyau, amma wajen ƙiyasta kalori, wanda ya fi kowanne daidai ya kauce da kashi 27 cikin 100, na ƙarshe kuwa da kashi 93. Gumi ma ba shaida ba ne, ruwa ne da gishiri da jiki yake fitarwa don ya huce. Masu bincike Ruben Meerman da Andrew Brown sun lissafa a 2014 cewa idan mutum ya rasa kilo 10 na kitse, kilo 8.4 ta numfashi yake fita, a matsayin iskar da huhu ke fitarwa, sauran 1.6 ne yake zama ruwa. Don haka rigar leda da bel ɗin ɗaure ciki da wasu suke sawa su shiga aji, ƙishirwa kawai suke jawo musu. Sikeli zai nuna an ragu da yamma, a sha ruwa ya koma inda yake.

Yanzu ga abin da ya kamata ya ƙarfafa miki gwiwa, tunda kin ambaci suga. A 2002 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka kan hana kamuwa da ciwon suga, wanda ya ƙunshi mutum 3,234 masu ƙiba da sugansu ya hau kamar naki. An raba su gida uku. Kashi ɗaya aka ba su maganin suga mai suna metformin, ɗaya aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta, na ukun aka ɗora su kan buri biyu kacal: su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi minti 150 na motsa jiki a mako, yawanci tafiya da sauri. Bayan kimanin shekara uku, masu shan metformin haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 31 cikin 100, waɗanda suka gyara ci da motsi kuwa ya ragu da kashi 58. Kashi 7 na kilo 92 kilo shida da rabi ne. Wannan shi ne zangonki na farko, ki saka shi a gaba ki manta da sauran ƙibar tukuna. Gwiwarki ma za ta ji a jikinta: wani bincike na 2005 kan masu ƙiba da ke fama da amosanin gwiwa ya nuna cewa duk kilo ɗaya da ya ragu yana rage nauyin da ke sauka kan gwiwa da kusan kilo huɗu a kowane taku.

Ƙarfin aji ɗaya ne, amma babba ne: yana sa mutum ya zo. Akwai rana, akwai lokaci, akwai waɗanda za su tambaye ki ina kika shiga jiya. A aikin nan na koyi cewa tsarin da ya fi kowanne kyau a takarda, idan aka watsar da shi bayan mako uku, bai kama ƙafar tsari mai sauƙi da aka yi shekara ana bi ba. Masu bincike Rena Wing da Robert Jeffery sun gwada wannan a 1999. A cikin waɗanda suka shiga shirin rage ƙiba su kaɗai aka yi musu horon da aka saba, kashi 76 cikin 100 ne suka kai ƙarshe, kuma kashi 24 ne kawai suka riƙe duk abin da suka rage bayan wata goma da farawa. Waɗanda suka zo da abokansu aka kuma koya musu tallafa wa juna, kashi 95 suka kammala, kashi 66 suka riƙe. Shirin nasu na koyar da cin abinci da motsa jiki ne baki ɗaya, ba ajin rawa ko na keke ba, amma abin da ya riƙe su shi ne dai yake riƙe mutum a aji. Idan kina da ƙawa ko 'yar'uwa mai irin burinki, ku shiga tare.

Raunin aji kuwa, ki tsaya a bakin ƙofa ki kalli layin baya za ki gan shi. Kiɗa na tashi, malamin yana gaba yana ƙirga, ya ce a tsuguna sau ashirin. Na gaba-gaba sun daɗe suna zuwa, suna yi daidai. A can baya ga wata sabuwa, dugaduganta sun ɗaga daga ƙasa, gwiwoyinta sun karkato ciki suna neman haɗuwa, bayanta ya lanƙwashe, tana satar kallon ta kusa da ita don kada a bar ta a baya. Malami ɗaya ba zai ga mutum 25 a lokaci guda ba, kuma saurin ajin na matsakaitan ciki ne, ba naki ba. Irin wannan baiwar Allah takan yi mako biyu, gwiwa ta kumbura, ta zauna a gida tana cewa motsa jiki bai karɓe ta ba, alhali ba a taɓa nuna mata yadda ake yi ba ne. Wannan yana ƙona min rai, domin gyaran bai wuce na minti biyar ba.

Akwai haɗarin da ya fi wannan, ba kasafai yake faruwa ba amma dole ki san shi. Wanda bai saba ba, idan ya ƙure kansa a ajin farko, musamman ajin keken tsaye, tsokarsa na iya farfashewa ta zubar da sinadarinta cikin jini har ya taɓa ƙoda. Tsamin jiki na kwana ɗaya zuwa uku bayan motsa jiki abu ne da aka saba. Amma idan cinyoyi suka kumbura, ciwon ya wuce misali, fitsari ya koma duhu kamar baƙin shayi, asibiti za a tafi a ranar, ba jiran gobe.

Saboda haka idan za ki shiga aji, ki je da wuri ki gaya wa malamin cewa ke sabuwa ce kuma kina da matsalar gwiwa. Malami na gari zai matso da ke inda yake ganinki, ya ba ki sauƙaƙan madadin kowane motsi. Idan ya ce ki dai bi mutane za ki saba, ki nemi wani ajin. A halin da gwiwarki take ciki, motsa jiki cikin ruwa, keken tsaye a hankali, da ajin ƙarfafa tsoka da ƙananan ƙarafa ko roba mai miƙewa sun fi miki ajin tsalle.

Koci kuma ido kike saya a wurinsa, idon da yake kanki ke kaɗai. Ranar farko koci na gari ba ya jigata ki. Tambayoyi yake yi: wane magani kike sha, an taɓa yi miki aiki, yaya barcinki, yaushe gwiwar ta fara. Sai ya ajiye kujera a bayanki ya ce ki zauna ki tashi ba tare da kin dafa komai ba. Yana kallon ƙafar da kike jingina nauyinki a kai, yana kallon ko gwiwa tana faɗawa ciki. Ya ce ki tura ƙugu baya tukuna kafin ki lanƙwasa gwiwa, ki danna dugadugai ƙasa, ki sake. Sau da yawa a nan take mutum yake cewa ciwon ya ragu. Bayan mako biyu ya sauya kujerar da wadda ta fi ta gajarta, daga baya ya miƙa miki ƙarfe mai kilo huɗu ki rungume a ƙirji. Wannan ƙarin na kaɗan-kaɗan shi ne asirin ƙarfin tsoka, kuma shi ne abin da mutum shi kaɗai ya fi kasawa: ko ya shekara da nauyi ɗaya, ko ya yi gaggawa ya ji ciwo. An gwada a 2000 da maza 20 na tsawon mako 12, tsari iri ɗaya, rabi da koci a kansu rabi babu, waɗanda ke da koci suka fi ƙara nauyin da suke ɗagawa kuma suka fi samun ƙarfi.

Amma koci yana da tsada, kuma yana iya zama abin dogaro ta yadda ranar da kuɗi ya ƙare motsa jikin ma ya ƙare. Ki ɗauke shi kamar malamin tuƙi, wanda yake zama a gefenki na 'yan makonni don ki iya, ba don ya riƙa kai ki ko'ina har abada ba. Ki gaya masa tun farko cewa so kike ki iya da kanki, ya rubuta miki tsarin a takarda. Ki tambaye shi inda ya yi karatun aikin da takardar shaidarsa, da ko ya iya taimakon gaggawa idan wani ya faɗi, domin kyan jikin mutum ba ya nuna ya iya koyarwa. Wanda ya yi miki alkawarin kilo 10 a wata, ko ya fara tallata miki shayin rage ƙiba da ƙwayoyi, ko ya ce ki cije ki ci gaba alhali gaɓa tana miki zogi, ko yake muzanta ki wai don ki zabura, ki rabu da shi. Da yawa daga cikin irin waɗannan shayin maganin sa gudawa ne ko yawan fitsari, ruwan jiki suke zubarwa. Kuma koci ba likita ba ne. Gwiwar nan, likitan fisiyo, wato mai kula da gaɓoɓi da tsoka ta hanyar motsa su, ya kamata ya fara ganinta, musamman idan tana kumbura, tana ƙagewa, ko tana saki kamar za ki faɗi.

Batun kilo nawa a wata: rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, wato biyu zuwa huɗu a wata, kuma ko biyun kika samu kin yi abin kirki. Makon farko sikeli yakan ruga ƙasa, domin sugan da jiki ya adana a hanta da tsoka yana riƙe da ruwa kusan ninki uku na nauyinsa, idan ya ragu ruwan ya bi shi. Daga nan tafiyar sai ta lafa, kuma a nan ne aikin gaskiya yake farawa.

Abin da ya same ki sau biyu ba raunin zuciya ba ne, ina so ki cire wannan daga ranki. Idan aka matsa wa jiki da yunwa, tsoka tana tafiya tare da kitse, sha'awar abinci tana ƙaruwa, jiki kuma yana rage abin da yake ƙonawa. An bi diddigin mutum 14 da suka yi gasar rage ƙiba a wani shirin talabijin a Amurka, aka wallafa sakamakon a 2016. Sun zubar da kimanin kilo 58 kowanne cikin mako 30. Bayan shekara shida kimanin kilo 41 ya dawo, kuma jikinsu a lokacin hutu yana ƙona kalori kusan 500 ƙasa da abin da ya dace da girmansu a kowace rana. Nasu ya yi tsanani ƙwarai, wanda ya bi a hankali ba ya kaiwa can, amma ya nuna inda gaggawa take kai mutum. Saurin ramewa kuma yana ƙara haɗarin tsakuwar matsarmama.

Wajen abinci, rage kalori kusan 500 a rana ya isa, kuma ba sai kin zauna kina ƙirga kowace loma ba. Ki fara da abin sha mai zaƙi da soye-soye da ciye-ciyen tsakanin abinci, a nan yawancin rarar take ɓuya. Rabin faranti ya zama kayan lambu, kowane ci ya kasance da furotin, ko nama ko kifi ko ƙwai ko dangin wake, domin shi ne ya fi riƙe ciki kuma da shi tsoka take ginuwa. Ki kula da barci. A wani ƙaramin gwaji na 2010, mutane goma sun bi tsarin rage abinci iri ɗaya sau biyu, kuma lokacin da aka taƙaita musu kwanciya zuwa awa biyar da rabi maimakon takwas da rabi, kitsen da suka zubar ya ragu da kashi 55 cikin 100.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi ya yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Matsakaici shi ne wanda za ki iya magana kina yi amma ba za ki iya rera waƙa ba. A wurinki, aji sau biyu a mako, kwana biyu na ƙarfafa tsoka, da tafiyar ƙafa a sauran ranakun ya wadatar. Ki fara tafiyar da minti 10 ko 15, ki riƙa ƙara biyar duk mako. A ranakun ƙarfi, motsi biyar ko shida sun isa: zama da tashi, turawa, jawowa, ɗaga ƙugu daga kwance, hawa ƙaramar matakala, kowanne sau 8 zuwa 12, zagaye biyu ko uku. Kada ki ji tsoron ƙarfe zai mayar da jikinki kamar na maza, mace ba ta da yawan sinadarin da ke gina irin wannan jikin. Kada kuma ki ɓata lokaci kan motsin ciki don rage tumbi: yana ƙarfafa tsokar cikin, amma kitsen da ke samanta sai kitsen jiki gaba ɗaya ya ragu yake tafiya. Ɗan ciwon gwiwa da ke lafawa kafin washegari ba komai, mai suka ko kumburi kuwa alama ce ta a rage.

Tun 1994 Rena Wing da James Hill suka buɗe wata rajista a Amurka ta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13.6 suka kuma riƙe shi shekara guda ko fiye, yanzu sun haura 10,000. Hanyoyin da suka bi suka rage sun bambanta, amma wajen riƙewa sun yi kama da juna: yawancinsu suna motsa jiki kusan awa guda a rana, tafiyar ƙafa ta fi yawa, kuma kusan uku cikin huɗu suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako. Shi ya sa nake so ki zaɓi ajin da kike jin daɗinsa kuma yake kusa da ke, tunda abin da za a shekara goma ana yi ne.

Kafin ki fara, likita ya duba hawan jininki, ki kuma nuna masa duk maganin da kike sha, domin wasu irin su sitiroyid da wasu na ciwon damuwa suna ƙara nauyi. Idan kina da juna biyu ko kina shayarwa, tsarin rage abincin nan ba naki ba ne sai da shawararsa. Kina cikin motsa jiki kika ji ƙirji ya danne, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da ƙima, ki tsaya nan take.

Ki riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako, da safe, kafin ki ci komai, kuma kada ki damu da ƙarin kilo ɗaya ko biyu a kusa da lokacin al'ada, ruwa ne. Ki haɗa da tef ɗin awo: ki zagaya shi tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, burin shi ne awon ya koma ƙasa da rabin tsawonki, wato ƙasa da santimita 82 a wurinki. Sau da yawa tef yana motsi a makon da sikeli ya tsaya. Wajen wata na shida raguwar takan tsaya wa kusan kowa, saboda jiki ya ƙanƙance yana buƙatar abinci kaɗan, hannu kuma ya fara sakewa wajen zubawa. Idan hakan ta faru, kada ki koma yunwa. Ki rubuta duk abin da kika ci na mako guda, har ɗanɗanen da ake yi a tsaye, ki ga inda ƙarin ya shigo, ki ƙara minti goma a tafiyarki, sannan ki koma wurin koci sau ɗaya ko biyu ya sabunta miki nauyin da kike ɗagawa.